Uwa aka ɗaure, ba ɗanta ba

Duk wanda ya taɓa bi ta ƙofar gidan kaso da hantsi ya ga masu kai abinci. Suna zaune a inuwar bango, kowa da kwanonsa ɗaure cikin tsumma, suna jiran gardi ya kira su. Yawancinsu mata ne. Wata mijinta ta kawo ma tuwo, wata ɗanta, wata ƙanenta. Namiji in ya shiga kaso, da wuya ya rasa mace mai bin sawunsa.

To, mace fa in ta shiga, wa ke bin nata sawun? Sau da yawa babu kowa, sai fa tsohuwar da ta haife ta, in tana da rai kuma tana da kuɗin mota. Ga shi kuwa da wuya mace ta shiga kaso ita kaɗai. Ko dai tana da ciki, ko tana da goyo, ko ta baro yara a gida. Filin wannan wata zai yi magana a kan waɗannan iyaye mata da ƴaƴansu. Magana ce da ba a son yi a dandali, saboda kunya. Amma rashin yin ta yana cutar yaran da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

YADDA ABIN YAKE FARAWA

Ga misali. Babu sunan kowa a ciki, babu sunan gari, domin irinsa yana iya faruwa ko'ina.

Wata mata ce a wani ƙauye, tafiyar yini guda a amalanke kafin a kai birni. Tana da ƴaƴa biyu: ɗan fari mai shekara 8, da ƴar yarinya mai shekara 3. Tana kuma da cikin wata 7. Ran nan yaran gida suka yi faɗa a kan ƙanzo. Faɗan yara ya koma na manya. Ita da abokiyar zamanta suka kaure. Ga taɓarya a kusa. Kafin maƙwabta su shigo su raba, hannun abokiyar zaman ya karye, kanta ya fashe. Aka kai ta gidan likita. Danginta suka kai ƙara wurin jandarma.

Da jandarma suka zo, yaron yana daji wurin kiwon awaki. Uwar ba ta samu ta yi sallama da shi ba. Yarinyar ta bi mota da gudu tana kuka, har wata maƙwabciya ta sunkuce ta. Bayan kwana biyu aka gabatar da matar gaban alƙali. Alƙali ya ce a ajiye ta a kaso kafin ranar shari'a.

Babu mai cewa abin da ta yi daidai ne. Wadda aka ji ma ciwo tana da haƙƙi, ita ma uwa ce. Dole doka ta yi aikinta. Amma a yi lissafi. Mutum ɗaya ne ya ɗauki taɓarya. Mutum nawa abin ya faɗa ma? Mutum huɗu: ita, da yaron, da yarinyar, da wanda ke ciki bai ko zo duniya ba.

Ba faɗan kishi kaɗai ke kai mata kaso ba. Akwai wadda aka ba amanar kuɗi ta kasa mayarwa. Akwai wadda talauci ya sa ta sayar da ƙwayoyin maye. Akwai kuma yarinyar da ta yi cikin da ba na aure ba, ta ɓoye don tsoron gida, ta haihu ita kaɗai a bayan gari, jariri ya mutu, aka tuhume ta da kashe shi. Kowace da abin da ya kai ta. Amma in dare ya yi, tunaninsu ɗaya ne: yara sun ci abinci kuwa?

MATA KAƊAN NE, SHI YA SA AKE MANTAWA DA SU

A shekara ta 2022 masu binciken gidajen kaso na wata jami'a ta birnin Landan sun fitar da ƙidaya. Sun samu mata da ƴan mata fiye da 740,000 a tsare a duniya. Cikin ɗaurarru 100, kimanin 7 mata ne. A Afirka ba su kai haka ba, kimanin 3 ne cikin 100. Sai dai yawansu a duniya yana ta hawa. Inda ake da mata 10 a tsare a shekara ta 2000, a 2022 sun kusa kai 16.

Wani zai ce ai ƙarancinsu alheri ne. Haka ne. Amma ƙarancin nan yana da nasa wahala. Da yake maza sun fi yawa nesa ba kusa ba, don maza ake gina gidajen kaso. Wasu gidajen ma tsofaffi ne ƙwarai. Na Yamai tun 1947 aka gina shi, zamanin mulkin Faransa. Mata sai a ware musu ɓangare guda a cikin gidan. Wanda ya zana ginin bai yi tunanin mai naƙuda ba. Bai yi tunanin inda jariri zai yi rarrafe ba.

Ga wani abu kuma. A Nijar, kamar a ƙasashen Afirka da yawa, ƙidayar shekarun baya ta sha nuna cewa fiye da rabin waɗanda ke kaso ba a yanke musu hukunci ba tukuna. Jiran shari'a suke yi. A wurin doka, wanda ba a yanke ma hukunci ba ba mai laifi ba ne. Amma ciki ba ya jiran shari'a. In wata 9 ya cika, haihuwa za ta zo.

HAIHUWA DA JEGO A BAYAN ƘOFA

Kowa ya san yadda ake yi ma mai jego a gida. Ga ungozoma. Ga uwa ko gwaggo da za ta zauna da ita. Ga itace da miji ya tara tun ciki yana ƙarami. Ga ruwan zafi safe da yamma har kwana 40. Ga kunu, ga ɗan nama. Mata suna shigowa barka. Rana ta 7 a yanka rago, liman ya raɗa suna, wanzami ya yi aski. Duk wannan ba al'ada kaɗai ba ce. Hanya ce ta nuna ma mace cewa ba ita kaɗai ba ce.

A kaso, naƙuda takan zo da dare, bayan an kulle ɗakuna. Sauran mata su yi ta bugun ƙofa suna kiran gardi. Gardi ya nemi izini. A nemi mota. In an yi sa'a, a kai ta asibiti da mai tsaro a bayanta. In ba a yi sa'a ba, ƴan ɗakinsu ne ungozomominta.

Matar misalin nan ta yi sa'a. An kai ta asibiti, ta haifi ɗa namiji. Bayan kwana biyu aka maida ta kaso da jaririnta. Babu itace, babu mai dafa mata ruwa. Wata tsohuwa da ta daɗe a tsare ta raba gawayinta biyu, ta ba ta rabi. Wata ta yage zanenta ta ba ta na goyo. Ciwon ƴa mace na ƴa mace ne. Rana ta 7 ta zo, miji bai zo ba, bai aiko ba. Uban matar ne ya tara mutane kaɗan a ƙauye aka raɗa suna. Sai bayan kwana 10 ta ji sunan ɗan da take goyo.

YARON DA KE CIKI

Jariri ba shi da abin da ya fi nonon uwarsa. Likitoci sun ce a ba shi nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ƙara. Bayan haka a haɗa masa da kunu da abinci mai laushi, a ci gaba da nono har shekara 2. Saboda haka raba jariri da uwarsa babban haɗari ne. Shi ya sa ƙasashe da yawa suke barin uwa ta riƙe jaririnta a kaso.

Amma zaman yana da nasa haɗari. Na farko abinci. Mai shayarwa tana bukatar ƙari a kan abin da ta saba ci. Abincin kaso kuwa da bakin ɗaurarre ake auna shi. A ƙasashe da yawa ba a sa yaro cikin lissafi, tunda shi ba ɗaurarre ba ne. Sai uwa ta raba nata kwano biyu.

Na biyu cuta. Inda mutane suka yi yawa a ɗaki ɗaya, iska ba ta wadata, tarin fuka da ƙyanda suna saurin yaɗuwa. Inda ruwa da sabulu suka yi ƙaranci, ƙazuwa da zawo ba su nisa. Sauro kuma ba ya tsoron bango. Jariri yana bukatar rigakafi tun ranar haihuwa, sannan a sati 6, sati 10, sati 14, da kuma wata 9. A ƙauye uwa takan goya ɗanta ta tafi wurin awo. A kaso sai in an tuna da ita.

Na uku tarbiyya. Yaro abin da ya gani shi yake koyo. Wanda ya fara tafiya a kaso bai san akuya ba, bai san gona ba, bai san kakansa ba. Abin da ya sani shi ne ƙarar makulli da kiran suna safe da yamma. Uwa tana kallon wannan, tana jin zafinsa fiye da nata ɗaurin.

YARAN DA KE WAJE

Na ciki aƙalla yana jin ɗumin uwarsa. Na waje fa? Su ne suka fi yawa, su ne kuma ba a gani.

A misalin nan, yarinyar ta yi sati biyu a hannun maƙwabciya kafin kakarta ta zo ta ɗauke ta. Ta koma fitsarin kwance. Ta daina wasa. Yaron kuwa aka cire shi daga makaranta, aka ba wani baffansa ya riƙa yi masa kiwo. In ya je rijiya, yara su ce ga ɗan mai kaso. Manya suka ce masa uwarsa ta yi tafiya. Shi kuwa ya riga ya ji gaskiya a bakin yara. Tun daga ranar ya daina yarda da maganar manya.

Wata huɗu kakar ta yi tana tara kuɗin mota kafin ta sake samun zuwa. Da aka kira matar, suka gaisa.

"Inna, kin sha hanya. Yaya mutanen gida?"

"Lafiya lau, ɗiyata. Babanki yana gaishe ki. Miƙo mini angon nawa in gani."

"Ga shi, Inna. Ƴar yarinyar fa, tana cin abinci?"

"Tana ci. Kullum sai ta tambaye ki."

Matar ta yi shiru, ta sunkuyar da kai. Akwai tambayar da kunyar ɗan fari ta hana ta yi. Tsohuwa ta gane. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da goriba uku.

"Wanda ba ki tambaya ba ma yana nan lafiya. Shi ya tsinko waɗannan, ya ce a kawo miki."

Matar ba ta ci goribar ba. Ta ajiye su ƙarƙashin tabarma har ranar da ta fita.

RANAR RABUWA

In ɗaurin uwa mai tsawo ne, akwai ranar da za a ce yaro ya isa fita. Kowace ƙasa da nata ma'auni. A Faransa da Ingila da Najeriya wata 18 ne. A Afirka ta Kudu shekara 2. A Kenya shekara 4. A Indiya shekara 6. Me ya sa ba su daidaita ba? Domin kowace hanya aka bi akwai ciwo. In an fitar da yaro da wuri, ya rasa nono da uwa. In an bar shi ya daɗe, ya girma a kulle.

Bahaushe ya san yaye. Akan kai yaro gidan kaka, ya yi kukan kwana biyu ya haƙura. Amma a yaye na gida uwa tana nan kusa, kuma yaro ya san kakar tun da. Yaron da ke kaso in dangi ba su taɓa zuwa ba, ranar fitarsa hannun baƙi zai faɗa. Shi ya sa ziyara tun yana jariri take da amfani. Wadda za ta riƙe shi gobe, ya kamata ya san fuskarta tun yau.

ME DOKA TA CE?

Shugabannin Afirka sun yi tunanin wannan al'amari. A watan Yuli na 1990, a birnin Adis Ababa, suka amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yaran Afirka. Ta fara aiki a 1999. Nijar tana cikin ƙasashen da suka karɓe ta. Sashe na 30 ya yi magana a kan mai ciki da mai ƙaramin yaro. Ya ce kafin alƙali ya tura irin wannan mace kaso, ya fara duba ko akwai wani hukunci da ba na kulle ba. Ya ce kada a yanke mata hukuncin kisa. Ya ce kada a kulle uwa tare da ɗanta. Ya ce manufar hukunci ita ce gyara, da maida uwa cikin iyalinta. A 2013 kwamitin da ke kula da yarjejeniyar ya ƙara bayani. Ya ce a duba halin kowane yaro shi kaɗai, a zaɓi abin da ya fi masa alheri.

Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta yi nata. A watan Disamba na 2010 ta amince da ƙa'idoji 70 na kula da mata ɗaurarru. Ana kiran su ƙa'idojin Bankok, da sunan babban birnin ƙasar Tailan, wadda ta jagoranci aikin. Ga kaɗan daga cikinsu:

Kafin a kulle mace, a ba ta dama ta shirya wanda zai riƙe mata yara.

A rubuta yawan ƴaƴanta, da shekarunsu, da inda suke.

A ajiye ta a gidan kason da ke kusa da garinsu.

Kada a sa mata ankwa ko sarƙa lokacin naƙuda, ko haihuwa, ko bayan haihuwa nan da nan.

Kada a kulle mai ciki ko mai shayarwa ita kaɗai a ɗakin horo.

Kada a hore ta da hana ta ganin ƴaƴanta.

A ba mai ciki da mai shayarwa da yaro isasshen abinci kyauta.

Yaron da ke tare da uwarsa kada a ɗauke shi ɗaurarre ko kaɗan.

Kada a raba su sai an samu wanda zai riƙe yaron, kuma a yi shi cikin lallashi.

A 2015 Majalisar ta sake gyara manyan ƙa'idojin kula da ɗaurarru duka. Ta sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a tsare kafin ya shugabanci Afirka ta Kudu. A ciki an ce in da hali mace ta haihu a asibitin waje. In kuma a kaso aka haifi yaro, kada a rubuta haka a takardar haihuwarsa. Ma'ana, kada a bar masa tabon da zai bi shi har makaranta, har wurin neman aure.

A sani, waɗannan ƙa'idoji na Majalisa ba su da tilas irin na dokar ƙasa. Ma'auni ne da ƙasashe suka yarda su bi. Kuma takarda daban, aiki daban. Amma akwai inda takarda ta zama aiki. A Afirka ta Kudu, an yanke ma wata mata ɗaurin shekara 4 saboda zambar kuɗi. Ita kaɗai ke riƙe da ƴaƴanta maza uku. A 2007 maganar ta kai babbar kotun tsarin mulki. Kotun ta ce alƙalin farko bai duba halin yaran yadda ya kamata ba. Ta canza hukuncin. Matar ta zauna gida ƙarƙashin sa ido, ta yi ma jama'a aiki kyauta, ta biya mutanen da ta cuta. Tun daga nan ya zama dole alƙalan ƙasar su tambaya: in an kulle wannan, wa zai riƙe yaran? A ƙasar Birazil kuma, a 2018, kotun ƙoli ta ce masu ciki da masu yara ƴan ƙasa da shekara 12 su jira shari'arsu a gida, in laifin ba na zub da jini ko tsoratarwa ba ne, kuma ba a kan ƴaƴansu suka yi shi ba.

ABIN DA DANGI ZA SU IYA YI

Gyaran gini da ƙarin abinci aikin hukuma ne. Amma akwai abubuwa da yawa da ke hannun dangi da mutanen gari.

1. A bi sawunta tun ranar farko. Wani namiji mai hankali daga dangi ya tafi, ya san inda aka kai ta, ya san alƙalin da maganar take hannunsa.

2. A gaya ma alƙali gaskiyar halinta. Tana da ciki? Wata nawa? Tana da yara nawa? Wa ke riƙe da su? Alƙali ba ya duba. Abin da ba a gaya masa ba, ba zai sani ba. A tafi da katin awon ciki da takardun haihuwar yara.

3. A nemi taimakon shari'a. Tun 2011 aka kafa hukumar ANAJJ a Nijar, domin taimakon marasa hali wajen sanin doka da samun lauya. A tambayi ofishinta a babbar kotun jiha. Ana iya roƙon alƙali sakin talala, wato ta jira shari'a a gida. Ba dole ne ya yarda ba. Amma wanda bai roƙa ba, ba ya samu.

4. A matsa a yi shari'a. Afuwar da shugaban ƙasa kan yi a wasu bukukuwa ta sha haɗawa da masu ciki da masu shayarwa. Amma afuwa tana shafar wanda aka riga aka yanke ma hukunci ne. Mai jiran shari'a ba ya ciki.

5. A yi ma jariri takardar haihuwa da wuri. A duba ta, ko a ba wanda ya iya karatu ya duba. A kuma riƙa tambayar katin rigakafi a kowace ziyara. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ɗauke ma yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani a gidajen likita na gwamnati. Yaron da ke kaso ɗan ƙasa ne kamar kowane yaro.

6. A riƙa kai ziyara. In ba a yi shari'a ba tukuna, wurin alƙali ake neman takardar izini. A tafi da abin da ba ya lalacewa da wuri: garin kunu, wake, ƙuli-ƙuli, busasshen zogale, sabulu, gawayi, gidan sauro. In kuɗin mota sun gagari mutum ɗaya, dangi su yi karo-karo. Zumunta a ƙafa take.

7. A riƙe na waje da kyau. Kada a rarraba su gida-gida in da hali. Kada a cire su daga makaranta. Kada a yi musu ƙarya. A gaya musu daidai hankalinsu: uwarsu ta yi kuskure, hukuma ta riƙe ta, tana son su, za ta dawo. In an samu dama, a kai su su gan ta.

8. A nemi sulhu da wanda aka cuta. Maigari da liman da dattawa su shiga. A biya kuɗin magani, a ba da haƙuri. Sulhu ba ya share babban laifi a wurin doka. Amma yana sanyaya zuciya, kuma yana gyara zaman da za a yi gobe.

RANAR DA TA DAWO

A koma ga misalin. Sai da matar ta yi wata 6 a tsare sannan wani wanta da ya dawo daga cin rani ya tsaya ma maganar. Ya je kotu, ya yi tambaya, aka haɗa shi da lauya. Da aka zo shari'a, lauya ya kawo maganar yaran. Dangi sun riga sun biya kuɗin maganin wadda aka ji ma ciwo. Alƙali ya yanke hukunci. Ya lissafa watannin da ta yi a tsare, sauran ya mai da su ɗaurin jeka ka gyara halinka. Ta fito bayan wata 9, da ɗa ɗan wata 7 a bayanta.

Da ta isa gidan iyayenta, ƴar yarinyar ta ɓuya bayan kakarta. Sai da aka yi kwanaki kafin ta yarda ta hau cinyarta. Yaron ya yi asarar shekara guda ta karatu. Maganar aure kuwa tana hannun dattawa. Wasu mata suka zo yi mata barka da arziki. Wasu suka ƙi ɗibar ruwa tare da ita.

Da a ce wan nata ya zo tun satin farko, da wataƙila a ɗakin uwarta ta haihu. Dangin ba mugaye ba ne. Kunya ce ta riƙe su, da rashin sanin ƙofar da za su buga. Rashin sani ya fi dare duhu.

Wadda ta gama hukuncinta ta biya bashin da ake bin ta. Bai kamata gari ya sake ɗaure ta da baki ba. In an ƙi sayen ƙosanta, an ƙi sa ta cikin adashi, an ƙi gayyatar ta biki, ba ita kaɗai aka hora ba. An hora yaran da ke ci daga hannunta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka haifa a kaso kuwa bai ɗauki taɓarya ba, bai ci amanar kowa ba. Ɗa na kowa ne.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

1. A misalin nan, mutum nawa ne faɗan ya shafa? A lissafa har da iyalin wadda aka ji ma ciwo.

2. Me maƙwabta da maigida za su iya yi tun kafin faɗan gida ya kai ga jandarma?

3. In an kama mace mai goyo a gari yau, wane ne ya kamata ya fara bin sawunta, kuma da waɗanne takardu zai tafi?